Rishon da Ban Taɓa Kunnawa Ba

Kwana goma sha biyu ke nan yau da faruwar abin, kuma har yanzu in aka ƙyasta ashana kusa da ni sai in ja da baya. Jiya ma Inna ta aike ni ɗauko kwalbar kananzir a bayan ɗaki, warin kawai na shaƙa, sai na zauna a kan turmi har ta gaji da jira ta zo ta ɗauka da kanta.

Makarantarmu ɗakuna biyu ne da rufin kwano a bayan gidan mai unguwa, nan Gangare cikin garin Jos. 'Yan mata ashirin da huɗu, wasu daga lungunanmu, wasu daga unguwar Nasarawa. Wanda bai san garin nan ba zai ɗauka don hukuma ta ce a kawo yara ne aka kawo su. Iyayen nan ba hukuma suka ba 'ya'yansu ba, wata tsohuwa suka ba, wadda kowa yake kira Iya. Bayarabiya ce, ta zo Jos da mijinta tun farkon haƙar kuza, ya rasu ya bar ta nan. Kullum da safe, ko ana ruwa ko ana sanyin nan mai shiga ƙashi, takan bi gida gida da lemarta ta tattaro yaran, da azahar ta mai da kowace har ƙofar ɗakin uwarta. Ita ke koya musu ɗinki da girki kafin in zo. Shekara talatin tana cikin Hausawa amma Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta, har ni.

Ni kuwa na dawo bara daga makarantar kwana ta 'yan mata, ina da shekara goma sha tara da takardar shaida a cikin akwatin ƙarfe. Baturiyar da ke duba makarantun mata ta karanta takardar, ta ga an rubuta cewa na yi shugabar ɗalibai shekara biyu ba a taɓa kama ni da laifi ba, sai ta ɗora ni a kan makarantar. Babana tela ne, a ranar duk wanda ya shigo shagonsa sai ya ji labari. Ni ma kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Abin da na sani game da shugabanci shi ne abin da na gani a can: ƙararrawa, agogo, jerin sunaye, da murya wadda ba ta rawa. Ina da duka huɗun, don haka na ɗauka na gama.

Tsarin karatun da Baturiya ta kawo ya ce a koya wa manyan aji girki a kan risho. Abin dariya ne in ka duba, domin babu gida ɗaya cikin gidajen yaran nan da ba a murhu ake girki ba, amma haka takarda ta ce, ni kuma ban saba musu da takarda ba. Aka kawo mana rishon, na tagulla, mai famfon buga iska. Iya ta juya shi a hannunta ta ce ai ta san irinsa, da shi take dafa wa mijinta shayi a barikin kuza, in bar mata darasin. Na ce a'a, darasin risho na mai takarda ne, ita ta zauna da ƙananan a ɗayan ɗakin su yi ɗinki. Ta dube ni ta ce, "To, Malama, kai ne oga," ta ɗauki kwandon zarenta ta fita.

A lokacin na gaya wa kaina ina bin ƙa'ida ne. Yanzu da nake rubuta wannan na san dalilin. In Iya tana ɗakin, za ta ga cewa ban taɓa sa hannu a kan rishon ba.

Ina tsoron wuta. Gawayin dutsen gugar Baba ba ya damuna, shi yana kwance inda aka ajiye shi. Wuta mai tashi nake nufi, mai harshe. Abin takaicin shi ne har ranar nan ban san ina tsoronta ba. A gida tun ina ƙarama nakan riga kowa ɗaukar tulu ko taɓarya, sai hura wuta ta faɗa kan ƙanwata, aka riƙa yabona wai ba ni da ƙyuya. A makarantar kwana shekarun farko nakan yi musayar aiki, in yi wa wata wanki ta kunna mini. Da na zama shugabar ɗalibai ko musayar ma ban ƙara buƙata ba, sai in nuna wata da yatsa in ce ke, kunna. Malamai suka ce na iya raba aiki. Jarrabawar taimakon gaggawa kuwa ni na zo ta ɗaya, har yau zan iya karanto shafin ƙuna da ka.

Ga yadda ake kunna irin wannan risho. Akwai ɗan mazubi a ƙarƙashin kansa, a zuba sifirit a ciki, wani ruwa mai saurin kama wuta, a ƙyasta, a jira kan ya yi zafi sosai, sannan a buga famfo. In aka yi gaggawa aka buga kafin ya yi zafi, kananzir ɗin sai ya fito ruwa-ruwa ya tashi da wuta. In haka ta faru, akwai ɗan makulli a gefe, murɗawa ɗaya iska ta fita wutar ta kwanta. Ni na zana wannan duka a allo da alli, yaran suka kwafa. Kowace Laraba nakan zaɓi yarinya ɗaya ta kunna, ni kuma in tsaya can bakin ƙofa da agogo a hannu, wai ina lura da lokaci.

Larabar nan ana yayyafi tun safe. Dankalin turawa za mu dafa, wani mai lambu daga wajen Kabong ya kawo mana rabin buhu ya jingine a baranda, ruwa ya jiƙa shi. Yaran sun makara saboda ruwan, an ci minti goma daga lokacin darasin, kuma Baturiya ta ce tana iya leƙowa a satin. Wadda na zaɓa 'yar shekara goma sha ɗaya ce, 'yar wani maƙerin fari mai aikin azurfa a Nasarawa, yarinya mai natsuwa, ita ta fi kowa kyan rubutu. Ta zuba sifirit, ta ƙyasta, ta tsuguna tana jira kamar yadda na koya mata. Na dubi agogo. Na ce mata ta yi sauri, lokaci na tafiya. Ta ce Malama bai yi zafi ba tukuna. Na ce da wa take musu, ta buga.

Ta buga. Wutar ta tashi har ta kusa taɓa kwano, ta kama gefen mayafinta.

Abin da ya biyo baya nake so in rubuta daidai, domin kowa ya ba ni wata siga tasa. Taku uku ne tsakanina da makullin nan. Ban yi su ba. Na juya na fita, kuma da na fita na ja ƙofar ta rufe a bayana. Ban yi shawarar yin haka ba, hannuna ne ya yi, amma hannun nawa ne. Na tsaya a cikin yayyafi ina jin ihun yara goma sha biyu ta bayan katako, agogon yana hannuna.

Iya ce ta fito daga ɗayan ɗakin. Ta ture ni gefe kamar an ture buhu, ta kama buhun dankalin ta gindi ta zazzage shi a baranda, ta banka ƙofar ta shiga. Da na iya ɗaga ƙafa na leƙa, ta riga ta nannaɗe yarinyar cikin jiƙaƙƙen buhun tana birgima da ita a ƙasa, ta kai hannu ɗaya ta murɗa makullin. Dankali yana ta gangarawa cikin kwata. Yarinyar ta ƙone daga kafaɗa zuwa gwiwar hannun dama, hannun da take rubutu da shi. Wani direban babbar mota ne maƙwabcinmu ya kai Iya da yarinyar asibiti. Ni na bi su a ƙasa.

Kafin la'asar maza sun cika zauren mai unguwa. Ina laɓe a bayan ƙofa na ji Iya tana ba su labari, wai da wutar ta tashi Malama ta ruga ɗebo ruwa, ta rufe ƙofa don kada iska ta ƙara hura wutar, haka aka koya musu a makaranta. Har wani dattijo ya ce lallai boko da hikima. Duk da haka ran mutane ya ɓaci. Mai unguwa ya ce kowa ya riƙe 'yarsa a gida tukuna, ran Juma'a ta sama bayan an sauko daga masallaci iyaye maza za su zauna su yanke ko makarantar za ta ci gaba. Kwana tara ke nan. In suka ce a'a, shi ke nan, yaran nan ashirin da huɗu sun gama karatu, kuma ba za a sake buɗe wata a unguwar nan da wuri ba.

Cikin kwanakin nan na nemi wanda zan gaya wa gaskiya, na rasa. Na fara da Baba. Yana kan keke yana ɗinka wata riga, bai ma ɗaga ƙafa daga kan feda ba, ya ce abin da Allah ya rufa ba ni zan tone ba, in kuma ina son in kashe makarantar da bakina to in je. Baturiya ta zo ran Asabar da motarta, ta ce in rubuta rahoto. Na fara gaya mata da Turanci cewa na gudu, sai ta dafa kafaɗata ta ce firgita ce, kowa yakan ga laifin kansa bayan irin wannan, in rubuta cewa rishon ne ya samu matsala za ta sa a canza shi. Ta ce kada in manta ni ce abin misali ga 'yan matan lardin nan. Na ji kamar in kurma ihu. Ni ina ɗauke da abu kamar dutse a ƙirji, kowa kuma sai gyara mini ɗankwali yake yi.

Inna ce ta fi ba ni haushi. Na tambaye ta ko wani abu ya taɓa faruwa da ni ina jaririya, gobara ko wani abu, domin ina son in sami dalili in rataya abin a kansa. Ta ce babu, haka dai na taso, tun ina rarrafe in an hura wuta sai in koma bayan randa. Na ce to don me ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce, "Ke da kike ta ɗaya a aji, wa zai zaci sai an gaya miki?"

Na je wurin Iya a ɗakinta. Tafin hannunta na dama a ɗaure yake da tsumma, makullin nan da zafi lokacin da ta kama shi. Na ce don me ta yi mini ƙarya. Ta ce ba don ni ta yi ba, kada in ɗaga kai, don yaran ta yi, shekara huɗu tana lallashin iyayen nan ba za ta bari yarinya ɗaya mai agogo ta zubar mata da shi ba. Na ce ba zan iya tsayawa gaban aji a kan ƙarya ba. Ta yi dariya har tari ya kama ta.

"Wace ƙarya? Yara goma sha biyu suna ciki. Kana tsammani ba su da baki? Ka san sunan da suke kiranka tun watan jiya? Mai gadi. Don kullum kana bakin ƙofa."

Ashe yara 'yan shekara goma sun karanta ni tun tuni. Ni da nake duba faratansu kowace safiya, nake sanin wadda ba ta karya kumallo ba da wadda aka doka a gida, ban taɓa tambayar kaina me ya sa ƙafata take kai ni bakin ƙofa kowace Laraba ba.

Iya ta ce in ina son in yi magana in je inda maganar take da amfani. Maza za su zauna a zaure ran Juma'a, amma abin da za su faɗa a cikin gida ake dafa shi, kuma duk matan suna jiran su ji bakin uwar yarinyar.

Ran Litinin da hantsi na tafi Nasarawa. An sallamo yarinyar, tana kwance a ɗaki. Uwar tana tsakar gida tana tankaɗe, mace ce doguwa, ba ta girme ni da shekaru masu yawa ba. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya mai jiki, ta amsa ba ta dube ni ba. Sai na faɗa mata duka a jere kamar mai karanta darasi, don in na tsaya ba zan iya ci gaba ba: ni na sa ta buga kafin lokaci, ta gaya mini bai yi zafi ba na ƙi ji, na gudu, na ja ƙofa, ba ruwa na je nema ba.

Ta ci gaba da tankaɗenta har garin ya ƙare. Sannan ta ce tun a asibiti 'yarta ta gaya mata. Ta ce gudun bai dame ta ba sosai, ita ma in ta ga maciji ba ta san inda ɗanta yake ba sai ta dawo hayyacinta.

"Abin da ban yafe ba, Malama, kin san ba za ki iya taɓa abin nan ba, kika sa 'yata ta taɓa."

Na ce wallahi ban sani ba.

"To wannan ya fi muni. Makaho da ya san shi makaho ne ai sanda yake nema. Ke kin ce kina gani, muka ba ki yara ki ja."

Na tambaye ta abin da za ta gaya wa maigidanta. Ta ce ba ta yanke ba. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma uwarta ta koya mata kada ta sa 'ya aikin da ita ba ta taɓa yi da hannunta ba. In ina son ta sa baki wurin maigidanta, in kawo rishon nan gidan ran Alhamis in kunna shi a gabanta da maƙwabtanta, ni kaɗai, ba yarinya ba Iya.

Kwana uku na yi a bayan makaranta ni da Iya da rishon. Ranar farko ashana bakwai na karya ban ƙyasta ko ɗaya ba. Iya tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana cin goro, tana ce mini mai takarda, wai in karanta wa rishon shafin ko zai kama da kansa. Na yi kuka don haushi, na ce mata ta daina, ta ce ba za ta daina ba. Rana ta biyu na kunna sifirit ɗin amma da na ga harshen wutar sai na tsinci kaina taku biyar baya. Iya ta ce to yanzu na ga abin da ƙafata take yi, in dawo. Ta ce kada in yi faɗa da tsoron, ba zan ci shi ba, in dai san lokacin da yake zuwa. Na lura yana farawa ne daga bayan gwiwoyina, kafin ma zuciyata ta buga. Ta ce in na ji shi nan in tsuguna, wanda ya tsuguna ba ya gudu sai ya tashi tukuna. Wannan babu shi a littafin taimakon gaggawa.

Ran Alhamis bayan azahar na ɗauki rishon a ka cikin kwando, Iya tana bina a baya. Mata sun fi goma a tsakar gidan, wasu da goyo, wata 'yar kasuwa ma ta bar rumfarta ta zo. Wata ta ce a matsar da tabarmi kada Malama ta tattake su in ta tashi gudu, aka yi dariya. Wata ta ce a buɗe mata ƙofar zaure tun yanzu. Yarinyar tana tsaye a bakin ɗaki, hannunta rataye a wuya da ƙyalle.

Na tsuguna. Sifirit ɗin rabi ya zube a ƙasa. Ashana ta uku ta kama. Na jira, na ji abin nan ya taso daga bayan gwiwoyina, na danne dugadugaina a ƙasa. Ban san ko ya yi zafi ba, idona ya cika da ruwa ba na gani sosai, sai na buga. Ashe da saura. Wutar ta tashi ja, ta lashi gefen ɗankwalina, na ji ƙaurin gashi. Matan suka ja da baya. Ban tashi ba. Na miƙa hannu na lalubi makullin na murɗa, ta yi huci ta kwanta.

Daga bakin ɗaki yarinyar ta ce, a hankali, "Malama, sai wutar sifirit ɗin ta kusa mutuwa ake bugawa."

Na ce na gode. Na sake daga farko, na jira yadda ta ce, ya kama shuɗi yana gurnani. Uwar ta ɗora butar shayi a kai. Da muka fito lungu na yi amai a gindin katanga, Iya tana riƙe da kwandon.

Ran Juma'a maza suka zauna suka ce makaranta ta ci gaba, da sharaɗin Iya tana cikin ɗakin duk ranar girki. Har yau a zaure labarin ɗebo ruwa suke bayarwa, na gaji da ƙoƙarin gyara shi, ba mai so. Rahoton Baturiya na rubuta shi yadda abin ya faru, ta karanta ta ninke ta sa a jaka, ban san inda ya tafi ba.

Yara goma sha bakwai suka dawo yau Litinin. 'Yar maƙerin ba ta cikinsu, uwar ta ce sai hannun ya warke sannan ta gani. Likita ya ce yatsun za su yi aiki, amma gwiwar ba lallai ta miƙe sosai ba. Littafin rubutunta yana cikin akwatin teburina. Jibi Laraba ce, ni zan kunna, kuma tun yanzu ina jin abin a bayan gwiwoyina.